Darasin Cicikof ga mai riguna bakwai

Kwanan nan wani ya tashi da wa'azin "kowa ya tsaya a matsayinsa na gaskiya", har da ɗora hoton littafin Gogol, marubucin Rasha, kusa da kofin shayi. Madalla. Tunda an kawo littafin kasuwa, bari a buɗe shi, don da alama bangon kaɗai ya samu shiga hoto. Ba a kira sunan kowa ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin "as".

Littafin shi ne Matattun Rayuka, ya fito a Rasha a 1842, shekara 19 kafin a soke bautar manoma. A lokacin mai gona yana biyan gwamnati haraji a kan kowane bawa namiji da ke cikin rajistar ƙidaya, kuma "rai" ake kiran kowannensu a takarda. Ƙidaya kuwa sai a yi shekaru ba a sake ta ba. Bawa ya mutu an binne, amma a rajista yana nan daram, ubangidansa na ta biya. Nan Cicikof, gogan labarin, ya hango ƙofa: ya sayi sunayen da arha, ya yi musu takardar ciniki a kotu, ya kai su jingina a ba shi rubul 200, kuɗin Rasha, a kan kowane kai. Kai dubu, rubul 200,000, a kan sunayen da babu kowa a bayansu. Masu tutiya da yawan mabiya su riƙe wannan lissafi.

Sana'ar tana da tsari. Da farko sai mutum ya zama ba shi da siffa. Gogol ya nuna shi ba kyakkyawa ba, ba mummuna ba, ba mai ƙiba ba, ba siriri ba, bai tsufa ba, bai kuma yi yarinta ba. Allo ne wankakke, kowa ya rubuta abin da yake so. Yana sauka a masauki ya tsare yaron da ke kawo abinci da tambaya: wane ne gwamna, wa ya fi bayi, an yi annoba a yankin? Washegari ya bi manya gida-gida. Ya ce wa gwamna shiga lardinsa kamar shiga aljanna ne, hanyoyi sumul kamar karan-miski. Wasu jami'ai biyu ya kira su da laƙabin da ya fi muƙaminsu, wai kuskure ne, su kuwa daɗi ya kashe su. In ana zancen dawaki ya yi na dawaki, in na karnuka ne yana da abin faɗa, in aka koma kan halin kirki sai hawaye ya cika masa ido. Game da kansa kuwa bai wuce ya ce shi ba kowa ba ne, ya sha wuya saboda gaskiya, maƙiya sun nemi ransa. Wannan karatun "maƙiya sun sa ni gaba" mun sha jin sa a bakin wani, kusan kalma da kalma.

Inda abin ya fi daɗi shi ne wajen ciniki da masu gonaki, don kowane gida da rigar da yake sawa. A gidan Manilof mai zaƙin baki, sun daɗe a bakin ƙofa kowa na cewa ɗan'uwansa ya fara shiga, har suka kutsa tare a karkace. Manilof ya ba shi matattun kyauta. A gidan Sobakebic babu wannan shirme. Mutumin ya sa rubul 100 a kan kowane mamaci yana yabon sana'arsu kamar suna raye, Cicikof ya taya kobek 80, ko rubul ɗaya bai kai ba, aka daidaita a rubul biyu da rabi. Duk da haka Sobakebic ya cusa masa sunan mace a jerin, alhali mata ba sa cikin lissafin. A gaban Pilushkin marowaci ya riga ya shirya yabon "kirki", ya dubi tsumman da ke jikin tsohon ya musanya kalmar da "tattali". Ya fito da matattu kimanin 120, da gudaddun bayi 78 a kan kobek 32 kowanne.

Amma a duba gidan Korobocka, tsohuwar da bayinta ba su kai ɗari ba. Can ne ya ga babu wanda zai burge, sai ya ajiye ladabin gefe. Matattu 18 take da su, ya ba ta rubul 15, tana ta jan ƙafa don tsoron kada ta yi araha, tana tallata masa rama. Gumi ya karyo masa, ya ɗaga kujera ya buga da ƙasa, ya haɗa ta da shaiɗan. A ganina wannan ne wurin da aka fi ganin ainihin mutumin tsirara. Wanda ke son sanin halin mai riguna bakwai, kada ya kalle shi a zauren manya inda yake rusunawa. Ya tambayi yaran da ke yi masa aiki a bayan fage yadda muryarsa take in an rufe ƙofa.

Ya koma gari da rayuka kusan 400, ya ce zai kwashe su zuwa lardin Kerson. Nan da nan aka ce miloniya ne. Kafin liyafar gwamna ya ɓata sa'a guda a gaban madubi yana gwada fuskoki: ta dattaku, ta ladabi da murmushi, ta ladabi babu murmushi, yana rusunawa yana fitar da wasu sautuka masu kama da Faransanci, yaren da bai iya ba. Yau madubin ya koma cikin waya, shi ke nan bambancin.

To me ya rusa ginin? Ba wani mai bincike ba ne. Dabarar tana aiki ne muddin kowane gida bai ji abin da aka faɗa a ɗaya gidan ba, kuma wannan ba a hannun mai dabarar yake ba. Kuskurensa na farko shi ne buɗe wa Nozdiryof ciki, wani mai gona da bakinsa ba ya rufuwa, wanda tun a gidansa ya ce masa ƙarya kake, har ya kusa sa a lakaɗa masa duka kan wani wasa mai kama da dara. Na biyu, a wurin liyafa ya shagala da kallon 'yar gwamna ya manta da matan manya da suka yi kwalliya dominsa, ya rasa masu kare shi a daren da ya fi bukatarsu. Sai ga Nozdiryof a buge yana tambayarsa da ƙarfi ko cinikin matattu ya yi riba. Wannan ma da an shanye, tunda kowa ya san shi maƙaryaci ne. Amma a daren keken dokin Korobocka ya shigo gari. Ta kwana uku ba barci, ta zo jin nawa ake sayar da matattu a kasuwa, kada a ce an cuce ta. Tsohuwar da ya raina, ita ce.

Da manyan gari suka zauna su tantance wane ne shi, sai aka rasa mai amsa. Kowa ya ci abinci da shi, kowa ya rungume shi, babu wanda ya san shi. Wasu suka ce 'yar gwamna ya zo sacewa, wasu mai buga jabun kuɗi, shugaban gidan waya ya ce wani kyaftin ne ɗan fashi, ya manta cewa kyaftin ɗin ba shi da hannu ɗaya da ƙafa ɗaya. Har da masu cewa Napoliyon, tsohon sarkin Faransa, ne ya ɓad da kama. Mai gabatar da ƙara ya koma gida ya yi ta tunani, ya faɗi ya mutu. Shi kuwa gogan mura ta kwantar da shi kwana uku, bai san wainar da ake toyawa ba, sai da ya je ƙofar gwamna mai gadi ya ce an hana a bar shi ya shiga.

Duk wannan yana cikin littafin da aka jingina da kofin shayi. Akwai ma wani abu a babi na biyu: a ɗakin karatun Manilof akwai littafi da aka sa wa alama a shafi na 14, shekara biyu yana karanta shi. A ƙara girman hoton nan da aka ɗora, a duba inda alamar take.