Nasiha Ga Matasan Magina: Ku Bar Cin Simintin Mutane

Jiya da la'asar ƙanwata ta kira ni tana kuka. Gidan da ita da mijinta suka gina a unguwar Rikkos da ke Jos, wata biyar kacal da tarewa, bangon ɗakin yara ya tsage daga ƙasan taga har ƙasa. Na je na gani. Na sa yatsa cikin tsagar, na ɗan kankara da farce, sai ga yashi yana zubowa kamar gari. Na tsinci guntun bulon da ya rage a tsakar gida na matse shi a hannu, ya ruguje. Wallahi da hannu ɗaya. Shekara bakwai suna tara kuɗin nan, har ɗan kunnenta na zinare ta sayar.

To ku matasanmu masu aikin gini, da ku nake. Na san rana kuke sha, na san sanyin Jos da asuba kuna kwaɓa kankare hannu na tsagewa, ba na raina guminku. Amma wannan ɗabi'a ta rage siminti ta isa haka. A ba ka buhu goma, ka zuba shida, huɗu su bi Keke Napep da magariba. Buhun da ya kamata ya ba da bulo talatin ko ƙasa da haka, ka matse shi ya haifi hamsin. Injiniya ya rubuta rodi mai milimita 16, ka sa mai 12, ka rufe da kankare tun kafin mai gida ya iso. Ka ce ai ba wanda ya gani. Allah bai gani ba?

Annabi (SAW) ya ce wanda ya yaudare mu ba ya cikinmu. Sura guda a Alƙur'ani ta buɗe da azaba ga masu tauye mudu, kuma kwanon sarkin da kake auna yashi da shi, shi ma mudu ne. Mai tauye mudun hatsi yunwa yake jawo wa mutum. Kai da ka tauye siminti, rufi kake ɗora wa yara a kai suna barci.

Mun manta da Busa Buji ne? A watan Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta da ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu, a cikin garin nan namu. Iyaye suna tono da hannu. Na zaci bayan wannan duk mai riƙe da cokalin gini a Jos zai ji tsoro. Ina! Ko shekara ba a yi ba aka koma gidan jiya.

Kuma ba simintin kaɗai ba. An zuba dakin, wato rufin kankare, yau, jibi an cire katako an hau ɗora bulo, alhali kankare yana buƙatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, ƙarfinsa kuma sai ya kai kwana 28. Wa ke da lokacin ban ruwa? Yaron da aka bar wa aikin yana gindin bango yana kallon TikTok. Wani ma sai ya haɗiyi ƙwaya kafin ya hau bene, a ce wai ƙarfi yake nema. Mai maye ne zai miƙe maka bango?

Ku ma masu gidaje kuna da naku. Araha ba ta ado. Kuna son tayil mai sheƙi da fitilun silin kala-kala don a zo a yi hoto, amma kuɗin harsashin gini kuke yi wa ƙoro. A garin da ke cike da tsofaffin ramukan kuza da aka cike, mutum zai sayi fili ya fara gini ba tare da ya tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙasar ba. Sai dai duk da haka, wanda aka damƙa wa amanar buhu shi ne magini. In kuɗin bai isa ba, ka faɗa wa mai gida a fuskarsa, ka ajiye aikin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ranar da ya tsage sunanka za a kira, ba sunan mai sayar da yashi ba. Rana dubu ta ɓarawo. Ku ji tsoron Allah, ku gyara.

Abin da ke ƙara ɓata min rai, mun ga masu yin na ƙwarai. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ga kwatankwacinsa nan a gidan tarihi na Jos, ku je ku ɗaga kai ku kalli bakan gizon rufinsa. Gidajen zamanin Turawan kuza a Bukuru da Rayfield har yau ana kwana a cikinsu. Maginin da ya yi wa mahaifinmu gida a Gangare, in ya ja igiya ya ga layi ya karkace, da kansa yake rushewa ya sake, ko da rana ta faɗi. Da aka gama aikin ya dawo da rabin buhun siminti a kan kekensa, ya ce wa Baba, "Alhaji, ga ragowar kayanka." Gidan yana nan, damina fiye da arba'in ta wuce ta kansa.

Ƙanwata kuwa daren jiya a falo ta shimfiɗa wa yaranta, don hadari ya haɗo.