Amai ba shi ne ma'aunin fim ɗin ban tsoro ba

Tun shekaranjiya da na faɗi ra'ayina a kan fim ɗin Terrifier 3, na ce zubar da jini kawai ya iya ba ban tsoro ba, ban huta ba. Wani ya ce zuciyar kaza gare ni, wani ya ce in koma kallon katun da yara. Har ƙanen abokina, yaron da a gabana aka haife shi, ya rubuto min cewa: "Yaya, kai dai ka ce ba ka iya jurewa ba." To, na jure. Na kalle shi daga farko har ƙarshe, awa biyu da 'yan mintuna, ban tsallake ko daƙiƙa ɗaya ba, kuma ina nan kan bakana: fim ɗin nan bai ba ni tsoro ba. Zuciya ya tayar min, ya hana ni cin abinci. Tashin zuciya daban, tsoro daban, kuma abin da ke ƙona min rai shi ne yadda masu kallo suka cakuɗa su wuri ɗaya suna ta yi wa fim ɗin kirari.

Mu biyar muka kalla, a ɗakin wani abokinmu, kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno, kowa da farantin indomi da ƙwai a gabansa. Da aka zo wurin nan na banɗaki, inda Art, makashin fim ɗin mai shigar ɗan barkwanci, ya shigo da injin yankan katako, mai ɗakin ya ture farantinsa gefe ya toshe baki da hannu. Biyu daga cikinmu suka fashe da dariya, ɗaya ya zaro waya yana ɗaukar fuskar mai ɗakin. Da fim ya ƙare, wajen ƙarfe ɗaya na dare, muka fito. An ɗauke wuta, lungu duhu ƙirin, ga karnuka na haushi daga nesa. Wallahi babu wanda ya waiwaya ko sau ɗaya. Hirar ƙwallo muke yi har muka rabu. Yanzu don Allah ku gaya min, wane irin fim ɗin ban tsoro ne za ka gama kallonsa ka ratsa lungu mai duhu da tsakar dare hankalinka kwance?

Ku duba yabon da ake yi masa. Kusan duk wanda ya buɗe baki abu ɗaya yake faɗa: an ce mutane sun yi amai a sinima, an ce wasu sun suma, an ce wasu sun fice tun ba a yi nisa ba. Wannan labarin tun 2022 ake yawo da shi, lokacin da Terrifier 2 ya fito, kuma shi ne ya sayar da fim ɗin fiye da duk wata talla. Fim ɗin da aka kashe wa kimanin dala 250,000 ya kawo wajen dala miliyan 15. Mutane sun yi ta tururuwa don su gwada ko cikinsu zai ɗauka. Gwajin ciki suka je, kamar samarin da ke gasar cin yaji. Wanda ya fito bai yi amai ba sai ya riƙa bugun ƙirji, wanda ya kau da kai a kira shi matsoraci. A cikin wannan surutun duka da wuya ka ji wanda ya yi maganar labarin, ko ya ce wani wuri ya hana shi barci.

Amai ba shi ne ma'auni ba. Mushen jaki a bakin hanya ma yana sa mutum amai.

Na san abin da za ku ce, don an riga an faɗa min: ai ya yi kuɗi. Ƙwarai ya yi. Terrifier 3 ya fito a watan Oktoban 2024 da kasafin kimanin dala miliyan 2, ya hau kan gaba a sinimomin Amurka a makonsa na farko, ya ture sabon fim ɗin Joker da aka narka wa maƙudan kuɗi, daga ƙarshe ya tara wajen dala miliyan 90 a duniya. Ban musa ko ɗaya ba. Amma kuɗi yawan masu sayen tikiti yake nunawa, ba ya nuna abin da suka koma gida da shi a zuciyarsu. Idan aka yi haɗari a kan titi, jama'ar da ke taruwa ta fi ta wurin wa'azi yawa. Wannan hujjar ku ajiye ta.

Wasu kuma suka ce ai Faransa ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 kallonsa, abin da rabon da a yi wa irin wannan fim tun Saw III a 2006. Suna faɗa kamar lambar girma aka ba shi. Hukumar tace finafinai yawan jini da tsananin azabtarwa ta duba, ba ta zauna don ta auna ko labari ya yi ma'ana ba.

Ga wanda ke cewa ban san irin waɗannan finafinai ba, na mahaukacin da ke bin mutane da wuƙa yana musu ɗauki ɗai-ɗai, ina roƙonsa ya nemi Halloween na 1978 ya kalla shi kaɗai da dare. John Carpenter ya yi shi da kuɗin da bai wuce dala dubu ɗari uku da 'yan kai ba, kuma shi da kansa ya tsara kiɗan. Jinin da ke cikinsa gaba ɗaya bai taka kara ya karya ba. Amma akwai wurin da Laurie, jarumar fim ɗin, ta leƙa ta taga da rana tsaka, ta hango makashin, Michael Myers, tsaye cikin zannuwan da aka shanya a bayan gida, bai motsa ba, bai ɗaga wuƙa ba, kallonta kawai yake yi. Ta sake dubawa, babu shi. Shekaru nawa ke nan da na ga wannan wurin, har yau in na fito tsakar gida da dare na ga shanya tana kaɗawa sai gabana ya faɗi. Wannan shi ne tsoro. Yana bin ka gida, ya kwanta da kai, ya sa ka tashi ka sake duba sakata.

Kafin shi ma akwai Psycho na Hitchcock a 1960, mai hoto baƙi da fari, wanda jinin da aka gani yana malala a banɗaki ruwan cakulan ne. Janet Leigh, wadda ta fito a matar da aka kashe a wannan wurin, uwa ce ga Jamie Lee Curtis da ta fito a Laurie, kuma ta sha faɗa cewa bayan ta ga fim ɗin ta daina wanka a ƙarƙashin shawa sai dole. Matar da ta san duk yadda aka ɗauki abin ke nan. A Terrifier 3 ma an yi kisa a banɗaki, an nuna komai dalla-dalla, ba a bar wa zuciyar mai kallo aikin komai ba. Ido ya gani, ciki ya juya, shi ke nan an wuce wurin.

Kada wani ya ce ina raina aikin mutane. Damien Leone gwani ne a harkar haɗa jikin roba da jinin ƙarya, shi ya rubuta finafinan Terrifier, shi ya ba da umarni, kuma a finafinan farko da hannunsa ya haɗa yawancin abubuwan nan. Mutumin da ya fara Terrifier na 2016 da 'yan kuɗin da ba su kai na sabuwar babbar mota ba, ya kai inda ya kai, dole a sara masa. David Howard Thornton kuma, mai fitowa a Art, ɗan wasa ne na gaske. Ba ya furta kalma ko ɗaya, da ido da kafaɗa da baƙaƙen haƙoran nan yake magana, ga 'yar ƙaramar hula a karkace a gefen kai. Wuraren da yake zaune shiru yana murmushi yana kallon mutum sun fi duk wuraren yanka tayar min da tsikar jiki. Wannan ne ma ya fi ba ni takaici. Suna da kayan da za su tsorata duniya a hannunsu, sai masu kallo suka nuna musu cewa amai ake so, su kuma suka ƙara mudu. A na biyu an shafe mintuna ana azabtar da yarinya a ɗakin kwananta har da gishiri da ruwan bilic. A na uku aka sa Art cikin kayan Santa, tsohon nan mai raba wa yara kyauta a Kirsimeti, aka jawo yara cikin lamarin, har da bam a wurin rabon kyaututtukan Kirsimeti. Tun da tafi kuke yi, me kuke tsammani a na huɗu?

"Ai barkwanci ne, ba ka gane ba." Na gane. Na ji dariyar abokaina da kunnena. To ku kira shi barkwancin jini, ku daina cewa shi ne fim mafi ban tsoro da aka taɓa yi, ku kuma daina zagin wanda ya kau da kai. Mutumin da ya ga ana daddatsa jikin ɗan Adam ya runtse ido, lafiyarsa ƙalau. Ba na jin kunyar cewa indomin nan ban ƙarasa ta ba.

"In ba ka so kar ka kalla." Wannan kuma ko amsa ba ta buƙata. Na kalla ne don ina son irin waɗannan finafinai tun ina ɗan makaranta, kuma mai son abu shi ke da bakin magana a kansa.

Sannan ku masu yanko wuraren kisan kuna turawa a zaurukan WhatsApp ba gargaɗi, ku ji tsoron Allah. A zauren danginmu wani ya tura, wayar kuma tana hannun 'yar yayata mai shekara tara tana wasa da ita. Uwarta ce ta kwana tana lallashi.

Af, na tuna. Farar fuskar nan ta Michael Myers da ake jin tsoro, fuskar roba ce ta William Shatner, wanda ya fito a Kyaftin Kirk a shirin Star Trek, masu shirya fim ɗin suka saya a shago ƙasa da dala biyu, suka faɗaɗa ramukan ido suka fesa mata farin fenti. Kwafin Halloween da ke wayata hotonsa ya dushe, muryar ma ba ta tafiya daidai da baki. Duk wanda ke da mai kyau, na 1978 fa, ba sababbin ba, ya yi min magana, zan zo da filas ɗina ranar Asabar.