Obin Mai Fitila a Ciki

Da na ce zan fara yin kek na sayarwa, gardama ta kaure tsakanina da maigida a kan irin obin da za a saya. Shi ya dage sai mai gas: tukunya ɗaya mai kilo 12.5 za ta kai ni wani lokaci, kuma babu ruwana da zaman jiran wuta. Ni kuwa na ce mai gas wutarsa daga ƙasa take, gindin kek ya ƙone sama bai gasu ba. Gaskiyar magana dai, a kasuwar Sabon Gari na ga wani mai lantarki, da fanka da agogo da fitila a ciki, kana kallon kek yana tashi kamar talabijin. Fitilar nan ce ta tafi da hankalina.

"To, Maman Abba, kuɗinki ne," in ji shi.

Ranar sunan ɗan ƙanwata na ɗauki alkawarin kek. Tun asuba na fasa ƙwai goma sha biyu, na buga bota da sukari har hannuna ya sage, na saita zafi a kan 180, na ja kujera na zauna kallo. Minti goma, ɗif! Aka ɗauke wuta.

Na ce a tayar da janareta. Ashe obin ɗina wat 2000 yake sha, ɗan janaretanmu kuwa ko 1000 bai kai ba. Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru. Maigida bai ce uffan ba, sai dai murmushin nan da ya fi zagi ciwo.

Hajiya, surukata, ta leƙo ta same ni rungume da gwangwanin kek kamar jinjiri. "Ke 'yar nan, ɗauko min babbar tukunya. Abba, ɗebo yashi."

Ta zuba yashin a tukunya, ta ɗora a kan garwashi, da ya yi zafi ta sa gwangwanin, ta rufe, ta jera garwashi a kan murfin. Kek ya fito jawur, sai ƙamshi.

A gidan suna mata suka yi ta santi. "Kai, wannan sabon obin naki ya iya! Wane iri ne?"

Hajiya na gefena tana jan carbi. Na ce, "Ai ɗan gida ne."

Mai fitilar yana nan, a cikinsa nake ɓoye wa yara biredi.