Mai Kwana Tara Da Fim Ɗin 'Yan Sha Takwas

Kwana biyu da gama suna, 'yan barka sun ragu, ƙaurin rago ya kusa ƙarewa a bokiti. Wajen ƙarfe tara na dare aka kawo wuta. Maigida ya ɗauki jaririya ya ɗora a kafaɗa, ya kunna fim ɗin Indiya mai fassara, irin wanda ake rubuta 18 a kusurwa. Ana cikin ruwan harsashi sai ga Hajiya, mahaifiyarsa, ta ɗaga labule da carbi a hannu.

HAJIYA: Innalillahi! Kai me zan gani haka? Yarinyar da kiran sallar da aka yi mata a kunne bai gama shiga ba, shine ka zo ka ɗora mata harbe-harbe a kai?

MAIGIDA: Hajiya bacci fa take yi.

HAJIYA: Wane irin bacci, ɗazu ina kallonta tana murmushi mala'iku na mata wasa, yanzu duk ka kore su da bindiga.

MAIGIDA: Wallahi Hajiya tunda aka haihu ban sa haƙarƙarina a ƙasa ba, daga rago sai goro, daga itacen wanka sai kanwa sai famfas, yau ɗaya da aka kawo wuta nace bari in ɗan huta shine kuma...

MAIJEGO: (daga ɗaki) Ni dai Hajiya sai da na faɗa masa.

MAIGIDA: Ke kika faɗa min? Ba ke kika ce in tsayar da shi har ki gama shan kunun kanwa ba, kar ya wuce ki?

MAIJEGO: Kai Baban Abba, ka ji tsoron Allah.

Sai ga ƙanin maigida ya yi sallama, wanda yake aji biyu a makarantar koyon aikin lafiya amma tuni unguwa ta sa masa suna Dakta.

HAJIYA: Yauwa ga likitan da bai taɓa yi wa ko kaza allura ba. Zo ka faɗa wa yayanka gaskiya.

DAKTA: Ai Hajiya in gaskiya kike so, yarinyar nan bata ganin tibin nan. Jariri sabon haihuwa iyakar inda yake gani sosai santimita 20 zuwa 30 ne, wato daga inda yake shan nono zuwa fuskar uwarsa, abinda ya wuce nan dishi-dishi ne kawai, haske da duhu. Kala ma sai wajen wata huɗu zuwa biyar yake rarrabe ta da kyau.

HAJIYA: Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Kishiyar tawa kake kira makauniya?

DAKTA: Ni ban ce ba fa. Kowa haka ya fara, har ke.

HAJIYA: Ni? Ni da idona biyu tar aka haife ni, ungozomar da ta yanke min cibi har yau zan iya gane ta.

MAIGIDA: Toh kin ji dai Hajiya, bata gani. Shikenan magana ta ƙare, Dakta Allah ya yi maka albarka, gobe ka zo ka karɓi kuɗin mai.

DAKTA: Tsaya Yaya ban gama ba. Ido ne bai nuna ba, kunne kam tun tana ciki wajen wata shida take ji.

MAIJEGO: (ta fito da filas a hannu) Lah! Toh ai kuwa zango na ɗaya gaba ɗaya tare muka saurara da ita.

A daidai nan aka tayar da bam a fim. Jaririya ta zabura ta ware hannuwa biyu kamar za ta kama wani abu, ta dunƙule, ta koma bacci.

HAJIYA: Kun gani ko! A'uzubillahi. Miƙo min ita in tofa mata.

DAKTA: Ba komai bane Hajiya, wannan zaburar Moro ake ce mata, duk lafiyayyen jariri yana yi in ya ji ƙara, zuwa wata huɗu ko shida take bari.

HAJIYA: Moro? Ai dama na san aljani ne, ashe har suna gare shi. Kuma kana zaune kana faɗa min wata shida zai yi a jikinta.

DAKTA: Sunan likitan da ya fara bayaninta ne, Bature.

HAJIYA: Aljanin ma Bature. Allah ya isa tsakanina da dish ɗin nan.

MAIGIDA: Dan Allah Dakta ka daina taimakona haka.

DAKTA: Yaya abin fa mai sauƙi ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da bai shekara ɗaya ba kar a ajiye shi gaban allo sam, ba tibi ba waya. Kuma mai irin kwanakinta baccin awa 14 zuwa 17 yake buƙata a rana.

MAIGIDA: Toh awa 17 tana bacci ni kuma in yi me, in zauna ina ƙirga silin?

DAKTA: Ba kai aka hana ba, ita aka ce. Ka juya mata baya ga hasken, ka rage murya ko ka sa iyafis, in ta farka ka kashe ka yi mata hira. Don babbar illar ma ba abinda ke cikin fim bane, in tibi na kunne iyaye basa yi wa yaro magana, shi kuwa a bakinku zai koyi magana ba a bakin bos ba.

MAIJEGO: Wannan kam ka faɗi gaskiya ko da baka saba ba. Shekaranjiya ana faɗan ƙarshe mutumin nan ya fi minti goma yana jijjiga filo yana cewa yi shiru 'yar baba, yarinya kuwa tana hannuna.

MAIGIDA: Filon ai ya yi shiru.

HAJIYA: Ni duk ba wannan ba. Wancan lambar da ke maƙale a sama, ta mece ce?

DAKTA: 18 kenan, masu tace fina-finai ne suke sawa, wai sai wanda ya kai sha takwas zai kalla.

HAJIYA: Kwana ko shekara? Don in kwana ne saura tara, sai ku yi haƙuri.

Kafin a bata amsa harbi ya tsaya, aka saki kiɗa, ruwan sama ya kece, jarumi ya nufo jaruma. Maigida ya wawuri rimot yana dannawa yana bugawa a tafin hannu, batir ya ce bai san zance ba. Maijego ta tuna ta bar ruwa a wuta. Dakta ya duƙufa yana karanta bayan kwalin ashana.

MAIGIDA: Kai cire soket! Cire soket nace, yarinya na gani!

DAKTA: Yaya yanzu fa muka gama cewa bata gani.

HAJIYA: Ƙyale shi. Uwarsa ce take gani.

Aka zare waya, falo ya yi tsit. Sai aka ji motsi a bayan doguwar kujera. Abba, ɗan shekara huɗu, wanda kowa ya rantse tun bayan isha'i ya yi bacci, ya miƙe da muciya a hannu ya saita Hajiya ya kanne ido ɗaya.

ABBA: Tsohuwa, yau kwananki ya ƙare. Ki yi addu'arki ta ƙarshe, ɗan iska!

MAIJEGO: Na shiga uku! Abba! Hajiyar?

DAKTA: Toh ga mai kallon naku nan. Tun ɗazu kuna ta shari'a a kan wadda bata san ma an kawo wuta ba.

MAIGIDA: Tun yaushe kake nan?

ABBA: Tun lokacin da aka jefo mai gemu daga bene.

HAJIYA: Ja'iri, ni za ka harbe? Maigida guda da harbin matarsa, toh na fasa auren, a bani takardata. Kuma in za ka yi kwaikwayo ka yi daidai, ba haka bos ɗin ya faɗa ba, cewa ya yi ka yi bankwana da duniya, sannan ba shi ya jefo mai gemun ba, ƙanin matarsa ne, munafukin nan mai jar riga.

Aka yi shiru.

MAIGIDA: Hajiya... ba lazimi kike yi a ɗaki ba?

HAJIYA: Labulen naku ne shara-shara. Maida soket ɗin ka rage murya, kai kuma Dakta ɗauke min wannan ɗan ta'addan ka kai shi ya kwanta.