Zariya zuwa Kano awa nawa ne?

Ka je tashar Kwangila a Zariya ka tambayi kowane direba nisan Kano, zai ce maka awa biyu in hanya ta yi kyau. Tambayi mai Keke Napep daga PZ zuwa Samaru, ya ce minti ashirin in ba cunkoso. Da wuya ka ji wanda ya ce maka kilomita kaza, alhali sun fi kowa sanin hanyar. Na sha jin wasu 'yan boko suna cewa wannan rashin ilimi ne, wai an tambayi mutum nisa ya ba da amsar lokaci. Ni kam ban yarda ba ko kaɗan. A ganina direban nan ya fahimci tambayar fiye da mai sukar sa.

Wanda ya tambayi nisan Kano ba taswira yake son zanawa ba. So yake ya san ko zai samu azahar a can, ko zai riski Kantin Kwari kafin a rufe shaguna, ko zai iya juyowa Zariya kafin dare ya yi masa a hanya. In ka ce masa wajen kilomita 150 ne, ka bar shi da aiki: sai ya yi lissafin gudun mota, da ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da tsayawa sauke fasinja a Tashar Yari ko Kwanar Ɗangora. Direba ya riga ya yi wannan lissafin da jikinsa shekara da shekaru, sakamakon ne kawai ya miƙa maka.

Kuma ba yau aka fara ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayo goro zango-zango suke ƙirga hanya, madugu ya san inda ayari zai kwana da inda za a samu ruwa, tafiyar kuma da watanni ake faɗin ta. Ko a fiƙihu haka abin yake. A mazhabarmu ta Malikiyya nisan da ake yin kasaru burudi huɗu ne, wato mil 48, amma da malamai suka zo bayyana wa mutane shi sai suka ce tafiyar yini biyu ce ta raƙuma masu ɗauke da kaya. Sun san wannan ne ma'aunin da matafiyi zai gane.

To me ya sa ba a juya abin? Ba ka taɓa jin an ce wa'azin ya ɗauki kilomita biyar ba, ko uwa ta ce wa ɗanta ya dawo gida bayan mil uku. Dalilin a fili yake in ka zauna ka duba. Babu yadda za a yi ka ci nisa ba ka ci lokaci ba, ko da taku ɗaya ne. Shi kuwa lokaci wucewarsa yake yi ko kana tafe ko kana kwance. Awa guda a wurin telan da ke zaune kan kekensa a kasuwar Sabon Gari ba ta da tsawon komai, bai gusa ko'ina ba. Awar nan dai a wurin mai tafiya a ƙasa wajen kilomita 5 ce, a wurin direba a hanya mai kyau ta kai 80 ko 100, a jirgin sama kuwa ta haura 800. Wanne za mu ɗauka mu ce shi ne tsawon awa? Amma in ka tambayi nisa kana tsaye a tasha, kai da direba kun riga kun san da abin da za a yi tafiyar, ba sai an faɗa ba.

Akwai inda mu ma muke auna lokaci da tsawo, kuma wannan ne ya ƙara tabbatar mini da maganar. Ana cewa a jira sai rana ta ɗaga kamar tsawon mashi kafin a yi walaha ko sallar idi. Lokacin la'asar yana shiga ne in inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa da rana tsaka. Kafin agogo ya yawaita, mutum kan tsaya a rana ya duba inda inuwarsa ta ƙare, ya ƙirga ta da tafin ƙafarsa, ya san ko lokaci ya yi. Wannan ya yiwu ne domin tafiyar rana ɗaya ce ga kowa, ba ta sauri saboda mai kuɗi, ba ta jinkiri saboda talaka. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa. Sai inda aka samu gudun da kowa ya yi tarayya a kansa ne ake iya mayar da lokaci tsawo.

Su ma masana kimiyyar, da nisa ya fi ƙarfin kilomita, hanyar direban Kwangila suka bi. Sun ce hasken rana na iso mu cikin minti 8 da 'yan daƙiƙu, taurari kuma da shekarun tafiyar haske ake faɗin nisansu. Tun 1983 ma ita kanta mita da lokaci aka fayyace ta: nisan da haske ke ci a kashi ɗaya cikin 299,792,458 na daƙiƙa.

Ban ce kilomita ba ta da amfani ba. Mai lissafin man da zai sha, da injiniyan da zai zuba kwalta, dole su nemi ta. Kuma in dillali ya ce maka fili minti biyar ne daga titi, ka tambaye shi: a ƙasa ko a kan babur?

Amma abin da ya fi damuna shi ne yadda kilomita ke rufa wa hanyoyinmu asiri. Ɗauki wani ƙauye a Giwa ko Soba da ke kilomita 15 daga kwalta. A takarda kusa ne. Da damina fa, in kwalbati ya karye, laka ta kai gwiwa, mota ba ta shiga? Mace mai naƙuda da haihuwa ta zo wa da gardama sai a ɗora ta a kan babur, wata ta zauna a bayanta ta riƙe ta, mai babur yana sauka yana turawa a inda ruwa ya ci hanya, kafin a kai titi a fara neman motar da za ta kai su asibitin koyarwa na Shika. Kilomita 15 ɗin nan tana nan yadda take rani da damina. Awannin ne ke ninkuwa, kuma a cikinsu ne jini ke zuba.

Masu aikin lafiya na duniya sun gane wannan. A ma'aunin WHO da UNICEF, ba a cewa gida ya samu ruwan sha na matakin farko sai in zuwa da dawowa, har da bin layi, bai wuce minti 30 ba. A 2015 kwamitin mujallar likitanci ta Lancet kan aikin tiyata ya sa ma'aunin cewa mutum ya iya isa asibitin da za a yi masa tiyatar gaggawa, irin ta ciro jariri, cikin awa 2.

Mu kuwa a nan, duk wanda ya zo ƙaddamar da aiki sai ya ce an gina hanya mai tsawon kilomita kaza, a yi tafi a watse. Ni abin da nake so kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa su riƙa faɗa mana shi ne: daga ƙauyen nan zuwa asibiti mafi kusa minti nawa ne kafin aikin, minti nawa ne bayansa, kuma a watan Agusta aka auna ko a watan Maris. In ba su da amsar, su tambayi 'yan acaɓan da ke bin hanyar kullum, za su faɗa musu har da inda ake sauka a tura.