Ranar da salula ke riƙe da kai ba ranar hutu ba ce

Watan jiya aka ɗaura auren ɗiyar yayata a unguwar Birni da ke nan Damagaram, kuma babban wan amarya bai zo ba. Mataimakin matuƙin jirgin sama ne a wani kamfani na ƙasar waje. Uwar ta shanye rashin zuwan, har sai da ta ji daga bakinsa cewa a makon bikin kwana huɗu cur bai taka jirgi ba. Ta tarar da ni a zaure tana huci: "Kai da kake rubuce-rubuce, gaya mini, mutum yana kwance a ɗaki kwana huɗu, wane aiki ne ya hana shi auren ƙanwarsa?" Na ce mata, "Yaya, a ɗaure yake."

Kowane kamfanin jiragen sama yana ajiye wasu matuƙa a zaman ko-ta-kwana. Idan wani ya tashi da zazzaɓi, ko hazo ya riƙe jirgi har awannin aikin ma'aikatansa suka ƙare, sai a buga wa na jira. Wani yana zaune a filin jirgi da kayan aiki a jikinsa. Wani yana gida, amma in an kira shi dole ya iso cikin ɗan lokaci, galibi kamar awa 2. Wani kuma ana ba shi sanarwa tun da nisa. Sabbin shiga ne suka fi shan wannan zama, don tsofaffin hannu ke fara zaɓen ranakun da suke so. Yaron namu ba ya iya nisa da gari, ba ya iya kashe salula, barcinsa ma sai ya auna shi, don bai san ko da asuba za a neme shi ba. Zuwa Damagaram kuwa, ai ko a mafarki.

To yaya ake ƙirga ranar hutun mutum irin wannan? A nan rigimar take, kuma su kansu matuƙan ba su da baki ɗaya.

Amurka awanni take ƙirgawa. Dokarta ta yanzu ta fara aiki ranar 4 ga Janairun 2014, bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da birnin Bafalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka mutu, aka kuma gano mataimakiyar matuƙin ta kwana ne a hanya daga Siyatil kafin ta kama aiki. Dokar ta ce kafin a sa matuƙi aiki ko zaman jira, sai ya samu awa 10 na hutu, a ciki akwai damar barcin awa 8 ba katsewa. Sannan cikin kowace awa 168, wato mako guda, sai ya samu awa 30 a jere da ba a ɗora masa komai ba.

Tarayyar Turai kuma dare take dubawa. A ƙa'idarta da ta fara aiki a Fabrairun 2016, ranar hutu ita ce yini ɗaya da dare biyu, ba aiki, ba zaman jira, kuma an sanar da mutum tun kafin ranar ta zo. Dare ma an fayyace shi: awa 8 da suka faɗo tsakanin ƙarfe 10 na dare da 8 na safe. Wata tsohuwar doka ta 2000 ta tanadi aƙalla kwana 7 a wata, 96 a shekara.

Ga inda bambancin ke fitowa. A ce an sallami matuƙi ƙarfe 11 da rabi na daren Talata, aka ce ya dawo ƙarfe 5 da rabi na asubar Alhamis. Awa 30 ke nan daidai, lissafin Amurka ya cika. A lissafin Turai kuwa dare na biyu ya gaza, domin daga 10 zuwa 5 da rabi awa 7 da rabi ne. Rabin awa ya kayar da ranar. Wani zai ce ai wannan neman magana ne, amma duk wanda ya taɓa sa agogo don ya kama motar asuba zuwa Yamai ya san wannan daren ba dare ba ne, gyangyaɗi ne da kunne ɗaya a buɗe.

Ni dai lissafin Turai ya fi kwanta mini, musamman sharaɗin sanarwa. Idan aka bar ka kana jiran gawon shanu tun safe, sai da magariba aka ce "yau ba mu neme ka ba, mun rubuta maka hutu", an yi maka fashin yini. Ba ka je suna ba, ba ka kai tsohuwa asibiti ba, ko Mirriya da ke nan kusa ba ka leƙa ba don tsoron rezo ya yanke a hanya.

Kamfanoni ma suna da hujjarsu. Sukan ce mutum yana gidansa, yana shan shayinsa, albashinsa yana tafiya. In aka lissafa kowace awar jira a matsayin cikakken aiki, sai an ƙara matuƙa, kuɗin tikiti ya tashi. Gaskiya ne, kuma ban ce a daidaita mai jira a gida da mai riƙe da jirgi a sama ba. Amma tsakanin aiki da hutu akwai zama na uku, a kira shi da sunansa, a biya shi gwargwadonsa, kada a cusa shi cikin kwanakin hutu. Kotun Tarayyar Turai ta ma zarce nan a 2018, a shari'ar wani ɗan kwana-kwana na garin Nibel a Beljiyam da aka wajabta masa isowa cikin minti 8 in an kira: ta ce zamansa a gida lokacin aiki ne. Gajartar igiyar ita ce ma'auni.

Matuƙa sun samu wannan lissafi ne don gajiyarsu tana kashe mutane da yawa a tashi ɗaya, duniya ta gani. A nan garin, ungozomar da ake iya tasowa tsakar dare, da mai gyaran wuta, da direban bas da aka ce ya zauna kusa ko za a ƙara mota, duk zaman ko-ta-kwana suke yi. Dokar aikin Nijar ta 2012 ta ba ma'aikaci awa 24 a jere na hutun mako. Abin da ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago su tsaya a kai shi ne waɗannan awanni su zama na salula a kashe, kuma a san ranarsu tun farkon mako. Direban da zai ci kusan kilomita 900 zuwa Yamai da rayuka cike da mota, darensa biyu ba su fi na matuƙi araha ba.

Yayata ba ta gamsu duka ba. Ta ce in haka ne, ya aiko mata da jerin ranakunsa na gaskiya kafin a sa ranar auren autarta.