Ranar da aka cinye mini aikin makaranta

Malaminmu na ilimin kifaye ba ya yarda da gashin baki. A cewarsa tarwada da ƙurungu da ragon ruwa da minjirya duk gashin baki gare su, kuma babu mai ɓawo a jiki, don haka mai son rarrabe su sai ya raba su da nama ya duba ƙashi. Ya ce kowa ya kawo ƙwarangwal ɗin tarwada da na ƙurungu.

Ni da nake ɗan Yauri, kifi zai gagare ni? Na sayo manya a bakin kogi, na ɗora su a ruwa zalla don naman ya saki, na tafi azahar.

Ashe Inna ta leƙa tukunyar. Tausayina ya kama ta: yaro ya je boko ya dawo yana dafa kifi ko gishiri babu. Ta zuba daddawa da citta da attarugu. Kafin in dawo an raba aikina a kwanuka.

Na bi gida ina roƙon ƙaya. A bayan kan ƙurungu akwai wani ƙashi mai tsini, saman fiffiken ƙirji, wanda da siffarsa ake gane wane irin ƙurungu ne. Yana bakin Kawu. Na ce, "Kawu, don Allah a tofo mini, jarrabawa ce." Ya ce shi tun yana yaro bai taɓa mayar da abin da ya shiga bakinsa ba. 'Yan ƙasusuwan nan kuwa da ke haɗa jakar iska da kunnen kifi, waɗanda Bajamushe Weber ya bayyana a 1820, mage ce ta san inda suka kwana.

Abin da na tsira da shi na manne da gam: faffaɗan ƙoƙon kan tarwada, gadon baya na wanda Allah ya sani, sai wata ƙatuwar ƙaya da na kafa a sama don ta yi kyau.

Malam ya daɗe yana juya abin. Ya ce tarwada ba ta da ƙaya a fiffiken baya, a ƙirji kawai take da ita, wannan ta ƙurungu ce, irin wadda yake kullewa ta ƙi kwanciya. Sai ya kai hanci ya shinshina.

"Daddawa?"

"Eh, Malam."

Ya rubuta sifili, ya ce in sake kawowa mako mai zuwa, amma wannan karon da naman da romon.